Labarin zuciya a tambayi fuska: martani ga mai cewa a daina kallon Umar Mukhtar

Malam, na karanta rubutunka a kan fim ɗin Umar Mukhtar, wanda masu shi suka sa wa suna Lion of the Desert, na kuma lura cewa haushinka bai tsaya kan fim ɗin ba, ya gangaro har kanmu masu komawa muna sake kallonsa. A ganinka, duk wanda zai zauna kusan awa uku gaban fim ɗin da ya haura shekara 40, ya san farkonsa ya san ƙarshensa, amma ya tashi da jajayen idanu, to wayo aka yi masa. Ka ce kuɗin Gaddafi ne, saboda haka farfaganda ce. Ka ce Turawa aka kwaso aka naɗa musu rawani, saboda haka kukansu na haya ne, namu kuma na wauta. Ka ƙara da cewa ko a kasuwa fim ɗin bai kai labari ba. Sannan ka ba da shawarar cewa mai son sanin Umar Mukhtar ya kashe talabijin ya nemi littafi.

Bari in fara sallamar maganar kasuwa, don ita ce mai sauƙi. Gaskiya ne an kashe kimanin dala miliyan 35, kuma da fim ɗin ya fito a 1981 bai dawo da ko ushirin wannan kuɗi ba. Amma a wace kasuwa? A gidajen siliman Amurka, cikin shekarar da gwamnatin Reagan ta rufe ofishin jakadancin Libiya da ke Washington. A Italiya kuwa hana shi aka yi a 1982, wai yana zubar da mutuncin sojan ƙasar, kuma bai samu shiga talabijin a can ba sai a watan Yunin 2009, lokacin da Gaddafi ya sauka birnin Rum da hoton Umar Mukhtar cikin mari manne a ƙirjin kakinsa. Fim ɗin da ƙasa guda ta shekara 27 ba ta yarda 'ya'yanta su gani ba, ai ba da tikiti ake auna shi ba. Masu ƙirga tikitin ma ba su ƙirga kaset ɗin bidiyon da ya riƙa yawo gida-gida a garuruwanmu har hotonsa ya dusashe ba.

Maganar kuɗin Gaddafi tana da nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Akwai inda hannun mai kuɗin ya fito ƙarara, kuma abin mamaki nan ne ba ka taɓo ba. Umar Mukhtar ɗan ɗarikar Sanusiyya ne tun daga tushe. A Jagbub, cibiyar ɗarikar, ya yi karatu. Ita ta tura shi ƙasar Chadi ta yau ya riƙe zawiyar Ain Galaka a zamanin da Faransawa ke kutsowa, kuma da sunanta ya ja ragamar yaƙi a duwatsun Jabalul Akhdar. Amma a fim ɗin sai ɗarikar ta koma can bayan fage, kamar shehin shi kaɗai ya tsiro daga rairayi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Sarki Idris da Gaddafi ya hamɓarar a 1969 shi ne shugaban Sanusiyya. Wannan giɓi mu ya fi cuta, domin ta wannan zaren ne labarin ya iso har ƙofar gidanmu. Kawsan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, ɗan wannan ɗarika ne. Haka nan fim ɗin ya jibga kusan dukkan laifi a kan Janar Graziani na Italiya, alhali Badoglio ne gwamnan Libiya a lokacin, kuma da umarninsa aka kwashe mutanen Jabal zuwa sansanoni a 1930. Da ta nan ka bugi fim ɗin, Malam, da na taya ka.

To amma abin da aka nuna ɗin, ƙarya ne? Italiya ta afka wa Libiya a 1911. Kufra ta faɗi a Janairun 1931. An ja waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 daga bakin teku har Jagbub, don a toshe hanyar abinci da harsashi daga Masar. An kora mutane wajen 100,000 da dabbobinsu zuwa sansanoni irin su Agaila da Suluk da Magrun, inda yunwa da cuta suka kashe dubun-dubata. An kama Umar Mukhtar ranar 11 ga Satumbar 1931, aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bangazi ranar 15, washegari aka rataye shi a Suluk gaban mutane kusan 20,000 da aka tara dole su kalla, yana dattijo ɗan shekara 70 da 'yan kai. Wanne a ciki Gaddafi ya ƙaga? Hotunan nan baƙi da fari na tantuna jere a cikin waya, waɗanda daraktan fim ɗin, Mustafa Akkad, ya saka a tsakiyar fim ɗin, tsofaffin hotuna ne na ainihi, ba shiri ba. Mai kuɗi ya ɓoye wani abu, na yarda. Abin da ya bari a fili dai ya faru.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato 'yan wasan. Anthony Quinn, mai Umar Mukhtar, haifaffen Meziko ne, ba Balarabe ba, ba kuma Musulmi ba. Irene Papas 'yar Girka ce. Ka faɗi wannan kamar ka tono wani asiri, alhali su biyun ne dai suka fito a matsayin Hamza da Hind a fim ɗin Akkad na 1976, The Message, kuma kowa ya san su. Mu Hausawa za a koya wa cewa ɗan wasa ba sai ya zama abin da yake kwaikwayo ba? Iyayenmu sun cika silima suna kallon Nargis, Musulma, a matsayin Radha a Mother India, da Prithviraj Kapoor, mabiyin addinin Hindu, a matsayin Sarki Akbar, ba wanda ya miƙe daga benci ya ce sai an nuna masa asali kafin ya yi kuka.

In ƙorafinka shi ne me ya hana a ba Larabawa manyan gurabe, wannan ƙorafi ne na adalci a sana'a, kuma yana da wurin zama. Akkad so yake Turawa su kalla, sai ya ɗauko fuskokin da suka sani. Wani wurin dabarar ta ci, wani wurin ta ƙi. John Gielgud, wanda ya fito a matsayin Sharif Garyani, tsohon abokin Umar da ya koma ɓangaren Italiya, rawaninsa ne kawai na Larabawa, amma zamansa da lafazinsa na dattijon Ingila ne. Rod Steiger, mai Mussolini, ihu da zare ido sun yi masa yawa. Duk na ba ka. Sai dai tambayar wa aka ɗauka daban take da tambayar me ya yi da aka ɗauke shi. Ta biyun ce ka tsallake, domin a rubutunka kaf babu fitowa ko ɗaya da ka tsaya ka kwatanta mana ka ce ga inda kukan ya zama na haya.

Muna yara, faɗa muke jira. In aka fara zance sai a shiga surutu, wani ma ya nemi a tura kaset gaba zuwa inda ake tarwatsa tankoki, ko inda mayaƙa ke lanƙwashe ƙafa su ɗaure ta da igiya don kada zuciya ta raya musu gudu. Wannan shi ne kallon farko, kuma in a nan mutum ya tsaya, ba laifi in ya ɗauka fim ɗin ƙura ce da ƙarar bindiga. Amfanin komawa shi ne ka riga ka san za a kama shi, ka san za a rataye shi, don haka idonka ya huta da jiran abin da zai faru, ya koma kan fuskoki. A nan ne fim ɗin yake zama wani fim dabam.

Dubi inda Umar ya je wa matar da aka kashe mijinta da littafin mamacin. Ga ƙaramin ɗanta Ali yana tsaye bai san me ake ciki ba. Quinn bai rungumi kowa ba, bai ɗaga murya ba, bai yi wa'azi mai tsawo ba. Ya zauna ya jawo yaron, ya cire tabaraunsa ya ɗora masa a hanci, yana murmushi irin na kakan da ke wasa da jika, alhali idanunsa sun riga sun gaji da ƙirga gawa. Sannan ya juya a hankali ya roƙi uwar kada ta bari yaron ya riƙa ganin hawayenta da yawa. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ya ga dattijon gida yana jan marayu da wasa don kada su lura da abin da ke faruwa a tsakar gida, ya san wannan fuskar. Ba a Meziko kaɗai ake samunta ba. Abin da Quinn ya gane, wanda 'yan wasa da yawa, har da namu na gida, ba su gane ba, shi ne dauriya ta fi kururuwa karya zuciyar mai kallo. Shi yana riƙe nasa, kai kuma naka ya kuɓuce.

Ko kuma bayan kwanton ɓaunar da suka yi wa ayarin motocin Italiya, da wani matashin hafsa ya rage da rai yana rawar jiki. Saurayin da aka kashe wa uba ya ɗaga bindiga. Umar ya hana, saurayin ya ce ai su haka suke yi mana, shi kuma ya tunatar da shi cewa ba a wurinsu muke ɗaukar karatu ba. Kowa ya haddace wannan amsa, har ta zama abin yaɗawa a waya. Amma sai a kallo na gaba za ka lura da yadda aka faɗe ta: da tsawa kaɗan, irin ta malamin allo da ya kama almajiri zai yi ɓarna, sannan nan take fuskar ta sauko ta koma tausayi, don ya san abin da ke cin yaron. Mutumin da aka fara nuna mana zaune a ƙasa yana yi wa yara bayanin ma'auni da adalci, shi ne dai a fagen fama. Quinn bai taɓa barin malamin ya ɓace a cikin mayaƙin ba, tun daga yadda yake gyara zaman tabarau har yadda yake hawa doki da nauyin jiki irin na tsoho.

Inda na fi so ka koma ka duba shi ne haɗuwarsa da Graziani bayan an kama shi. Mutum biyu ne a ɗaki, babu doki babu igwa. Oliver Reed, mai Graziani, ya shafe fim ɗin yana nuna mana mutumin da ke kashe jama'a a kan taswira, cikin natsuwa, da sanda a hannu, kamar mai rabon gona. Yanzu ga tsohon da ya hana shi barci an shigo da shi cikin sarƙa, da rauni a jiki. Graziani ya fito da wani tsohon kuɗi na zamanin Rumawa da aka tono a Libiya, wai hujjar cewa ƙasar ta kakanninsu ce, ya miƙa wa Umar tabaraunsa don ya duba. Kalli hannun Quinn a nan: ya karɓa ba gaggawa, ya saka, ya jujjuya kuɗin kamar mai duba kaya a kasuwa, ya mayar masa da cewa ai na wasu al'ummu ma suna nan binne, kuma wannan ba zai sayi komai ba yau. Ba gatse a muryarsa, ba kuma tsoro. Sai ka koma kan Reed. Bakinsa yana ƙoƙarin murmushin mai nasara, idanunsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Ya zo ne ya ga an durƙusa masa, ya tarar shi ne ke neman wani abu a wurin fursuna. Da Umar ya gargaɗe shi kada ya fita ya gaya wa duniya cewa a ɓoye ya roƙi a bar masa ransa, Reed ya yi ɗan shiru, kuma a wannan shirun za ka ga mutum ya gane cewa zai iya rataye abokin gabarsa amma ba zai iya mallakar labarinsa ba. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan fitowa ba ta da wani abin dogaro sai fuska biyu, kuma ta tsaya da ƙafarta.

Wani zai ce Reed ya yi wa Graziani kwalliya, ya ba shi kwarjinin da bai cancanta ba. Graziani fa shi ne ya sa aka yi wa mutanen Addis Ababa kisan kiyashi a Fabrairun 1937 bayan an kai masa hari, har da limaman gidan ibadar Debre Libanos daga baya. Ni a ganina natsuwar ce ta fi dacewa. Da an mayar da shi mahaukaci mai kumfar baki, da mun samu sauƙi, mu ce ai hauka ce. Azzalumin da ya san abin da yake yi, yake kuma ganin kansa mai kawo wayewa, shi ya fi kama da waɗanda suka mulki nahiyar nan. Af, fim ɗin da ka kira farfaganda shi ne kuma ya ba mu Kanar Diodiece, wanda Raf Vallone ya fito da shi da fuskar mutumin da kunya ke ci a cikin kaki, da hafsan da ya ƙi sa hannu a rataye fararen hula, da lauyan soja Kyaftin Lontano da ya tsaya a kotu ya ce fursunan yaƙi ne ba ɗan tawaye ba. Mai farfaganda zalla ba ya ɓata lokacinsa yana nemo mutanen kirki a cikin abokan gaba.

Ita kuwa Irene Papas, in ka tattara maganganunta a fim ɗin ba za su cika shafi ba. Mabruka ce, matar ƙauyen da sojoji suka shiga suka harbe maza, suka ƙona hatsi, suka tafi da 'yarta. Daga nan sai mu riƙa ganinta jefi-jefi, a hanya, a cikin waya, mayafi ya rufe rabin fuska, kullum idon yana ƙara zurmawa. Ka ce a nemi littafi. To littafin zai ce maka dubun-dubata sun mutu a Agaila da Suluk, kuma gaskiya ya faɗa, amma zuciyar ɗan Adam ba ta iya ɗaukar dubun-dubata. Mace ɗaya take iya ɗauka. Aikin Papas shi ne ta zama wannan macen, kuma ta yi shi ba tare da birgima ko yage tufafi ba. A ranar rataya, da tabaraun ya suɓuce daga hannun da aka ɗaure ta baya, mata suka ɓarke da guɗa. Bature zai iya ɗauka kuka ne kawai. Mu da muka san guɗa a ɗakin amarya da ranar suna, mun san abin da ake nufi in aka yi wa wanda aka rataye: ba a ba masu igiyar abin da suka tara mutane su gani ba. Akkad ɗan Halab ne, ya san abin da yake yi da ya bar wannan sauti ya rufe wurin.

Kuma wa ya ce littafi da fim kishiyoyi ne, sai an saki ɗaya kafin a zauna da ɗaya? Yara nawa ne a ƙasar nan aka raɗa wa Umar Mukhtar, samari nawa ne suka fara jin sunan Graziani, saboda wannan kaset ɗin? Wanda ya je neman tarihin Sanusiyya daga baya, mafi yawa fuskar Quinn ce ta tura shi. In fim ɗin ya bar giɓi, aikin irinku masu alƙalami ne ku cike shi, ku rubuta mana Jagbub da Ain Galaka da Badoglio, maimakon ku kori mutane daga ƙofar da suka shigo ta cikinta.

Akwai kuma abin da ke ƙara wa kallon yau nauyi. Kusan duk manyan da ke cikin fim ɗin sun riga mu gidan gaskiya. Reed ya rasu a 1999, Quinn a 2001, Papas a 2022. Shi Akkad, harin bam da aka kai wani otal a Amman a Nuwambar 2005 ne ya yi ajalinsa tare da 'yarsa, yana ta fafutukar neman kuɗin fim ɗin Salahuddin da bai samu yi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana son duniya ta ga Musulmi da mutunci a allon silima, masu iƙirarin kare Musulunci ne suka kashe shi. Wannan ba ya mayar da fim ɗinsa marar aibi, amma ya isa ya sa a yi masa hukunci da abin da ya ɗauka, ba da sunan wanda ya biya kaɗai ba.

Saboda haka ga roƙona, Malam. Ba sai ka zauna awa uku ba. Nemi haɗuwar Umar da Graziani, ka rage sautin gaba ɗaya don kada kiɗan Maurice Jarre ko daɗin magana su yi maka wayon da kake tsoro, ka kalli fuskokin nan biyu kawai. In ka gama kana nan kan bakanka cewa na haya ne, ka rubuto ka nuna mana a wane minti ne hayar ta fito, mu ma mu je mu duba.